Batir a cike, mutum-mutumi a sume

A gasar FIRST Robotics da aka fara a Amurka a 1992, ɗaliban sakandare ne ke ƙera mutum-mutumi su sa shi fafatawar kimanin minti biyu da rabi. Akwai wata cuta da ta addabi masu wannan gasa: ana tsakiyar ture-ture sai na'urar ta sandare, ta farfaɗo, ta sake sandarewa. Kafin ka ce kwabo an rataya wa mai rubuta manhaja laifi.

Sau da yawa yaron ba ruwansa, matsalar ta wuta ce. Dokar gasar batir ɗaya ta yarda da shi, mai volt 12, da babbar bireka mai amfiya 120. Ƙwaƙwalwar na'urar, roboRIO, wadda ta shigo a 2015, an gina ta ne ta kare kanta. A ƙirarta ta farko, idan wuta ta sauka zuwa volt 6.3 takan katse umarnin da take aika wa injinan taya, idan kuwa ta kai 4.5 ita kanta tana iya mutuwa. Injin CIM guda, in tayarsa ta cije, yana zuƙar amfiya kusan 130, ga shi kuma ana ɗaura huɗu.

A nan al'adar binciken ta fi ba ni haushi. Ana ciro batir, a ɗora masa mita, a ga volt 12.6, a ce lafiyarsa ƙalau. Wannan gwada ƙarfin jaki ne babu kaya a bayansa. Yi lissafin da kanka: idan turjiyar batir da wayoyi ta kai om 0.02, injina kuma suka ja amfiya 300, volt 6 sun salwanta a hanya. Noti ɗaya da bai ɗauru ba a kan batir, in ya ƙara om 0.01, ya cinye wasu volt 3. Wanda ya taɓa ganin ƙwan ɗakinsa ya dushe don an jona dutsen guga ya san abin.

Wasu kuma sai su shiga canza kaya ɗaya bayan ɗaya, wai ko a dace. Kuɗi ne kawai ke tafiya.

Masu hankali a cikinsu ba sa fara kwance komai. Sukan buɗe bayanan da manhajar Driver Station ta adana, su ga daƙiƙar da wuta ta faɗi da injin da ya fi ja a lokacin. Sannan su bi wayoyi da hannu, daga kan batir zuwa filogin Anderson zuwa bireka, suna ja suna girgizawa. Wadda ta motsa ko ta yi zafi ita ce abin zargi. Sai bayan nan ake kiran mai manhaja ya sa wa injina iyakar wutar da za su sha, ko a sauya giya don taya ta daina cijewa.

A wurina, duk ƙungiyar da ba ta gwada batirinta a ƙarƙashin nauyi ba, ba ta fara bincike ba tukuna.