Bazararmu ba irin tasu ba ce: gyara kan bidiyoyin kiran tsuntsaye gida

Duk shekara da watan Maris ya kama, sai bidiyoyi su cika Facebook da TikTok kan yadda za ka mai da tsakar gidanka matattarar tsuntsaye da ƙudan zuma. Bana har da masu muryar Hausa. Ƙanena da ke Mairuwa ya turo mini guda uku yana tambaya ko ya gwada. Na kalle su, kuma gaskiya niyyar masu yin su mai kyau ce. Matsalar ita ce an kwaso shawarar Ingila da Amurka an juye mana ita yadda take, ko lokacin ba a gyara ba.

A can, Maris zuwa Mayu lokaci ne da sanyi ke janyewa, ƙasa na da danshi, furanni na ɓarkewa. A Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuwa wannan ne tsakiyar bazara, zafin da kan haura digiri 38, rafuka sun ƙafe, ciyawa ta zama ƙaiƙayi. Tsuntsun da ke can yana neman abinci da wurin sheƙa. Namu ƙishirwa ce ta fi damunsa. Amma cikin bidiyoyin ukun, ɗaya ne kawai ya ambaci ruwa, shi ma a gurguje.

Ɗayan ma ya koyar da haɗa ruwan sukari a jan mazubi. Wancan ƙaramin tsuntsun da ake yi wa haka, a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa. Mu namu shi ne sha-kauci, kuma sunansa ya riga ya faɗa maka abincinsa. Furen kauci a rufe yake fitowa, sai tsuntsun ya zura baki ya tsage shi, garin furen ya fantsamar masa a kai, ya kai wa na gaba. In ka rataye ruwan sukari a zafin Afrilu, nan da nan zai yi tsami, kuma baƙin da za ka fara samu su ne kiyashi da rina.

Batun zuba hatsi a mazubi ɗaya kullum shi ma akwai gyara. A Ingilar da aka kwaso shi, wata cutar maƙogwaro da ta ɓulla tun 2005 ta yi wa wasu ƙananan tsuntsaye mummunar ɓarna, kuma an danganta yaɗuwarta da cunkoso a mazuban abinci. Mu kuma ga kaji da zabi da tantabaru suna yawo a tsakar gida. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a nan kusa, a jihar Kaduna, a 2006. To me zai sa ka haɗa tsuntsun dawa da kajin mahaifiyarka a kwano ɗaya? Balle ɓeraye.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babu wanda ya ɗaga kai ya kalli itatuwa. An ce a sayo irin furannin ƙawa a leda, alhali manyan masu ciyar da ƙwari a wannan lokaci suna nan tsaye: ɗorawa, kaɗanya, mangwaro, darbejiya, zogale. Ɗorawa da rani take fitar da jajayen tuntayenta, jemagu su sha da dare, ƙudan zuma su ƙarasa da asuba. Mangwaro kuwa ƙudaje na cikin manyan masu yi masa barbara, waɗannan dai da muke kora. Kaɗanya ɗaya da aka kāre daga gatarin masu gawayi ta fi tukunyar fure ashirin amfani ga ƙudan zuma. Kuma tunda rashin tsaro ya hana mutane da yawa shiga daji su ɗaura amya kamar da, itatuwan cikin gari da na gonakin kusa da gida sun ƙara daraja.

Wani zai ce mu da muke noman masara da dawa, ina ruwanmu da ƙudan zuma? Haka ne, iska ce ke yi wa waɗannan barbara. Amma yankin Funtuwa yankin auduga ne, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017 daga Burkina Faso ya nuna cewa in aka hana ƙwari isa ga fure, amfanin auduga na raguwa da kusan kashi 37 cikin 100, na riɗi da kusan 59. Kabewa da kankana sun fi haka dogaro, domin furen namiji daban, na mace daban, dole sai da ɗan aike.

Nan ne babban giɓin yake. Ko sau ɗaya ba a ambaci feshi ba. Mai noman rani a gefen madatsar Mairuwa da ya yi feshi da hantsi, daidai lokacin da furen kabewa ke buɗe, ya kashe ma'aikatansa da hannunsa. Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma, ciki har da imidacloprid, wanda har yanzu ake samunsa a shagunan kayan gona a nan. Mai da feshi zuwa yamma liƙis, da kauce wa shuka mai fure, ba ya cin ko kwabo.

Abu ɗaya na yaba: shawarar daure guntayen gora ko itace mai ramuka a inuwa. Ƙudan zuma da yawa ba sa zama a amya, kowace ita kaɗai take gina ɗakinta, kuma wannan dabarar za ta yi musu aiki a nan.

Ga abin da na ce wa ƙanena. Ya samo kasko marar zurfi, ya jera tsakuwa a ciki yadda ƙwaro zai tsaya ya sha bai nutse ba, ya ɗora shi a inuwa sama da inda kaji da kyanwa ke kaiwa. Ya riƙa zubar da ruwan yana wanke kaskon duk bayan kwana biyu, domin tsutsar sauro na buƙatar kamar mako guda kafin ta tashi. Ya ce a kwana na uku kurciya ta fara sauka, sai baiwar Allah. Yanzu rigimarsu da Inna ita ce waye zai riƙa ɗebo ruwan.