Biya Sau Ɗaya, Ci Ka Ƙoshi: Abin Da Muka Tarar A Teburin Otal Ɗin Bakin Teku



'Yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo mana unguwa. Da an ce Sallah ta ƙarato, sai tallan wuraren shaƙatawa na bakin teku ya cika wayoyinmu ta WhatsApp da Facebook. Ga hoton ruwa, ga bishiyar kwakwa, ga tebur shaƙe da abinci, a ƙasa kuma an rubuta cewa kuɗi ɗaya za ka biya, ɗaki da ci da sha duk suna ciki. Samari ne suka fara zuwa, angwaye suka bi da amarensu, yanzu har magidanta na zuba adashi domin su kai iyali. Tambaya ta yi yawa a ƙofar masallaci da bakin shago: Malam, abincin nan ya halatta kuwa? Alhaji, kuɗin nan yana fita? Tun da an ce gani ya kori ji, muka ga ya dace mu rubuta abin da muka gani kuma muka ɗanɗana.

Bayan Babbar Sallah muka je, iyalai biyar, manya 10 da yara 8. Wurin yana yankin Ibeju-Lekki, an wuce Ajah da Sangotedo, tafiyar fiye da awa uku daga nan saboda cunkoso. Kwana biyu muka yi, daga Asabar zuwa Litinin. Kowane babba naira 95,000 a dare, yaro rabin haka, jimilla naira 2,660,000. Ba za mu kama sunan wurin ba, domin ba ɓata wa kowa kasuwa muka zo yi ba, kuma yawancin abin da za mu faɗa ya shafi tsarin ne gaba ɗaya.

Shi wannan tsari daga Turai ya zo. Wani kamfanin Faransa mai suna Club Med ne ya yi fice da shi tun 1950, lokacin da ya buɗe sansanin hutu na farko a tsibirin Majorka na ƙasar Sifaniya. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane lissafin. Mai tuwo ta bakin tasha so take ka ce a ƙara, domin kowace malmala kuɗi ce. Mai otal kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin ka wanke hannu, don haka duk lomar da ka kai baki daga ribarsa take fita, burinsa ka ƙoshi da wuri kuma da abu mai arha. Shi ya sa a teburin ɗebi-da-kanka za ka tarar da shinkafa da taliya da burodi a farkon layi, kowa ya ɗiba son ransa, nama da kaza kuma suna can ƙarshe, da ma'aikaci tsaye a kai yana ƙirga maka yanka biyu. Wannan ba cuta ba ce, kasuwa ce. Amma ya kamata mai biya ya san da ita.

Bari mu fara da yabo, domin adalci ne. Kifinsu ba shi da makusa. Masunta na nan kusa, kasuwar kifi ta Epe ma ba nisa, kuma bakinka zai gaya maka wannan kifi bai kwana a firji ba. Gasasshen kifin teku da suka kawo daren Asabar, da barkono da lemon tsami, har dattijan da ba su damu da kifi ba sun koma layi. Farfesun tarwaɗa ma ya yi, da zafinsa. A nan hankalin Musulmi kwance yake, domin Allah ya halatta mana abin da ke cikin teku a Suratul Ma'ida, aya ta 96, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ware ƙaguwa ko jatan lande ba, ba kuma a buƙatar yanka. Amala da miyar ganye irin ta Yarbawa ita ma ta yi daɗi, ai ba a koya wa mai gida hanyar ɗakinsa. Karin kumallo akwai ƙosai da alale da koko da doya da ƙwai, kuma ƙosan a gabanka ake tsame shi daga mai. Ma'aikatan yara ne masu ladabi, da muka nemi wurin salla ba su ɓata lokaci ba suka share mana wata rumfa.

To, daga nan kuma sai a hankali. Shinkafa ita ce ginshiƙin teburin, kuma ita ce ta fi rauni. Jalof ɗin rana ta farko ta yi kyau. Da dare sai ga ta ta dawo, ta bushe daga sama ta caɓe daga ƙasa. Soyayyar kazar da ta yi saura ranar Asabar, mun gane ta ranar Lahadi an yayyanka ta cikin miya. Matanmu ne suka fara lura, su kuwa ba a yi musu wayo a harkar tukunya. Kada wani ya ce ai mu ma muna cin ɗumame a gida. Ɗumamen gida uwargida ta san lokacin da ta sauke shi da inda ta ajiye shi, kuma sai ya tafasa take zubawa. A can kuwa 'yar wutar da ake kunnawa a ƙarƙashin tiren abinci mun ga ta mutu a tire uku, babu wanda ya sake kunna ta, abinci na zaune ba zafi ba sanyi, ƙuda na kai ziyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci a riƙe shi da zafin da ya wuce digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, kada kuma ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Mu da muka ga abin da kwalara ta yi a Legas a watan Yuni na 2024, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba, balle da yara a hannu.

Abin da suka kira tsire kuwa, wallahi cin fuska ne. Nama ne aka gasa aka shafe shi da wata miyar tumatir mai zaƙi, babu ƙuli-ƙuli, babu citta, babu yajin kirki. A kawo wa ɗan Agege wannan a ce masa tsire? Yaron mai nama na bakin layin dogo ba zai yarda ya sa shi a takarda ba. Shayi ma ruwan ɗumi ne da ganyen jaka ɗaya. Ba mu nemi tuwon shinkafa da miyar kuka a bakin teku ba, kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma abin da ka sa wa sunan abincin mutane, ka yi shi yadda masu shi ke yi.

Sai maganar lokaci. Abincin dare daga ƙarfe 7 ne zuwa 9, Magariba kuma a wannan lokaci na shekara wajen ƙarfe 7 take faɗuwa a Legas. Kafin mu yi alwala mu idar da salla mu tattaro yara, nama ya ƙare, kifi ya koma kai da jela. Dare biyu haka ta faru. Wanda ya tsara wannan jadawali bai sa mai salla a lissafinsa ba.

Yanzu ga babbar maganar, wato halacci. Mun nemi ganin babban kuku, ya fito, mutumin kirki, bai ɓoye mana komai ba. Naman shanu ya ce daga mayankar Oko-Oba suke saye. Nan muka yi ajiyar zuciya, domin mayankar a bayan gidanmu take, mun san masu yankan, wasunsu sahu ɗaya muke tsayawa. Tumatir da attaruhu da albasa kuma daga kasuwar Mile 12 ne, hannun 'yan'uwanmu. Ka ga kayan namu ne tun daga gona har ƙofar kicin, daga nan ne shakka take farawa. Da muka zo kan kaza da talo-talo sai ya ce a kwali ake kawo su a daskare, bai san wanda ya yanka ba. Kowa a garin nan ya san gwamnati ta daɗe da hana shigo da daskararrun kaji daga waje, kuma kowa ya san suna shigowa ta iyakar Seme. A fahimce mu da kyau, ba addinin kuku muke tuhuma ba. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi, kuma shekara da shekaru muna cin abinci da maƙwabtanmu lafiya. Tambayar ita ce, an yanka kazar nan ko ba a yanka ba? Idan mai dafawa da kansa ba shi da amsa, barin ta ya fi.

Da safe akwai tsiran alade a tire, dab da tiren ƙwai, kuma mun ga baƙi suna ɗibar wannan da wancan da cokali ɗaya. Ƙarfen da ake soya shi a kai, a nan ake soya wainar ƙwai. 'Yan takardun da aka rubuta sunan abinci da Turanci ne, wasu sunayen ko ɗan boko sai ya tambaya, ina ga Hajiya da jikanta?

Ga wani abu da muke roƙon iyaye su riƙe. Jan lemon nan da ake kira Chapman, wanda yaranmu ke so a wurin biki, yawancin masu haɗa shi suna ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci mai suna Angostura. A jikin kwalbarsa an rubuta cewa kashi 44.7 cikin ɗari giya ce. Mun sa aka miƙo mana kwalbar muka karanta da idonmu. Ɗigo kaɗan ake sawa, gaskiya ne, amma ana iya haɗa shi ba tare da shi ba, magana ɗaya ce ka faɗa wa mai haɗawa.

Mu koma ga lissafi. Cikin kuɗin nan da muka biya har da na mashaya, giya da bammi daga rana har tsakar dare, ga duk mai so. Muka ce wa manaja mu 18 babu mai sha, a rage mana wani abu. Ya ce farashi ɗaya ne. Ma'ana, mai shan ruwa da lemo shi ke tallafa wa mai shan kwalba shida. Abin da ya fi ba mu mamaki, ɗanyen ruwan kwakwa da manyan jatan lande ba sa cikin yarjejeniyar, sai ka sake biya, a ɗora maka harajin VAT na kashi 7.5 da na jihar Legas na kashi 5. Abin da ya haramta gare mu kyauta ne, abin da ya halatta kuma da kuɗi.

Wasu sun tambaya ko cinikin kansa ya inganta, tun da ba ka san yawan abin da za ka ci ba. Malaman zamani sun yi saɓani, wasu sun ga akwai garari a ciki, masu yawa kuma sun halatta domin cikin ɗan Adam yana da iyaka sananniya kuma al'ada ta gudana a kai. Mu ma nan muka karkata. Sai dai tura miliyoyi a kan hoton waya ba tare da tambaya ba, wannan kam sayen kifi a ruwa ne. A kuma tuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, don haka a nemi tebur daban, nesa da mashaya.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo almubazzaranci. Mun ga faranti an tula shi kamar dala, an ci kwata an ture sauran, ma'aikata na kwashewa cikin bokiti. Tsarin ne ke zuga mutum, zuciya na raɗa masa cewa ai ka biya, sai ka fanshe. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta ba mu izinin ci da sha ta kuma hana ɓarna, ba ta ware wanda ya biya kuɗi ba. Mu da muke ganin masu neman na koko a ƙofar masallaci kowace asuba, wannan ba tarbiyyar da za mu nuna wa 'ya'yanmu ba ce. Ɗebi kaɗan, in bai isa ba ka koma.

Hukuncinmu dai shi ne, idan aka cire kaza da talo-talo da teburin ƙwai da mashaya, abin da ya rage wa mai kiyaye addininsa bai kai kuɗin ba, duk da daɗin kifin. Iskar teku da murnar yara sun biya, teburin bai biya ba. Wanda ya yi niyyar zuwa, ya kira tun kafin ya tura ko kwabo. Ya tambayi inda ake sayen nama da kaza, ko ana dafa alade a kicin ɗin, me da me ke cikin kuɗin, da lokacin abincin dare, kuma ya sa a rubuto masa amsa. Ya tambaya ko akwai farashin ɗaki da karin kumallo kawai, ya sayi kifinsa daban. A tafi da kilishi da dambun nama saboda yara. Mafi muhimmanci a tafi a ƙungiya, domin mutum 40 idan suka ce ga kajinmu masu rai za mu yanka da kanmu, a ware mana tukunya a matsar da lokacin abinci, babu manajan da zai bar wannan ciniki ya wuce. Mu 'yan kasuwa ne, ba a san mu da biya ba tayi ba.

Allah ya ciyar da mu halal, ya sa albarka a abin da muke nema, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.