Awa ɗari ana tare, sai a rabu ba sallama?

Wanda bai gama Baldur's Gate 3 ba ya kauce, domin zan tona ƙarshensa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da manyan gem ɗin nan na takobi da tsafi shi ne yadda ake rufe su. Kamfani zai ɗauki shekaru yana gina duniya, ya cika ta da dodanni da bokaye da abokan tafiya masu shiga rai, amma da an zo ƙarshe sai ya hau gaggawa. Ka kayar da babban bos, a nuna maka ɗan hoton minti biyu, sunayen ma'aikata su fara hawa allo. Wai shi ke nan.

Ku tuna yadda Baldur's Gate 3 ya fito a Agustan 2023. Larian na Beljiyam sun yi aikin da babu mai musu a kansa, har ya cinye kyautar gwarzon wasan shekara. To amma bayan ka gama da babban bos ɗinsa, Netherbrain, me aka ba ka? Tsayuwa a bakin tashar jiragen ruwa, kowa ya jefa kalma biyu. Astarion, wanda ka sha wahala kafin ka raba shi da ubangidansa Cazador, rana ta fara ƙona masa fata, ya ruga neman inuwa, ba a bari ka bi shi ba. Karlach na durƙushe, injin da ke ƙirjinta na cinta da wuta, ana jiranka ka yanke hukunci nan take. Mutanen da kuka kwana sansani ɗaya da su tun farkon tafiya ke nan fa! Ko baƙon da ya sha ruwa kawai a gidanka kana taka masa zuwa bakin zaure.

Na sani, sun gyara. A ƙarshen Nuwambar 2023 faci na biyar ya zo da walimar da Withers na sansaninku ya haɗa wata shida bayan yaƙin, inda za ka zagaya ka ji labarin kowa, har da wasiƙu. Ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, kuma kyauta suka bayar. Sai dai wanda ya gama wasan a Satumba ya riga ya tashi da ɗaci a baki, ba a gama labari karon farko sau biyu. Ga faci mai nauyin gigabait kusan 30, wanda duk mai sayen data da kuɗinsa ya san abin da hakan ke nufi.

Wannan ɗabi'a ta "a sake shi, ma gyara ƙarshen daga baya" ba yau ta fara ba. Dragon Age: Inquisition ya fito a 2014, amma ainihin rufewar labarinsa sai a ƙarin Trespasser na 2015, da kuɗinka. Elden Ring kuwa ƙarshe shida gare shi, huɗu daga ciki zama ne a kan karaga ɗaya, a sauya launin sama da 'yan kalmomin mai ba da labari. Masoyan Miyazaki, daraktan wasan, za su ce salonsa ne ƙarancin magana. Na ji, amma ba ku ne kuka yi ta bin Ranni lungu-lungu don ku sami ƙarshen da ya fi nama ba?

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. The Witcher 3 ya yi shi tun 2015. Makomar Ciri ba ta rataya a kan wani maɓalli na minti na ƙarshe ba. Ta rataya ne a kan ko Geralt, uban riƙonta, ya yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ranar da take cikin baƙin ciki, ko ya raka ta kabarin Skjall, ko ya bar ta ta fuskanci wasu matsafa mata ita kaɗai. Sannan aka ba ka ƙarshen a hannunka, kana tafiya da ƙafarka cikinsa, kana ganin abin da tarbiyyarka ta haifar.

Abin da nake nema ke nan: a bar ni na yi bankwana da mutanena tun ranar da na sayi wasan. Kai kuma da kake shirin fara Baldur's Gate 3, don Allah ka tabbatar ka sauke sabon faci kafin ka isa bakin tashar nan.