Sunan mamaci a cikin kaset: sharhi kan labaran tsoro na wasannin bidiyo

Wajajen shekara ta 2010 wani irin adabi ya bunƙasa a intanet, ana ce mishi kiripifasta. Sunan ya samo asali ne daga al'adar kwafe rubutu a manna shi wani wuri. Gajerun labaran tsoro ne da ke yawo hannu da hannu, sau da yawa ba sunan marubuci, kuma ana ba da su kamar abun da ya faru da gaske. Cikinsu akwai reshe guda da ya shafi wasannin bidiyo na ƙuruciya. Zubin kusan ɗaya ne: saurayi ya girma, ya yi marmarin wasan da ya yi shina yaro, ya samo tsohon kaset ya kunna, sai wasan ya fara yin abun da bai saba yi ba. An rubuta irinsu barkatai, an fassara da dama zuwa Faransanci, kuma mafi yawansu shirme ne. Ƴan kaɗan ne ke hana mutum barci. Abun tambaya shi ne, me ya raba waɗannan ƴan kaɗan da sauran?

Sai mu fara da tangarɗar kanta, dan ita ce tushen komi, kuma ita ba ƙage ba ce. A wasan Pokémon na farko, wanda ya fito a Japan a 1996 kan ƙaramar na'urar Game Boy, akwai halittu 151. Amma masu tsara wasan sun bar gurabe 190, ke nan 39 ba kowa a ciki. Yara suka gano cewa in ka yi magana da wani tsoho da ke koya kamun halittu a garin Viridian, sannan ka tashi zuwa tsibirin Cinnabar ka bi gaɓar ruwa ta gabas, wani abu zai fito maka wanda ba ya cikin lissafi. Ba shi da siffar dabba, tarin ɗigo-ɗigo ne kamar tele ta lalace, sunanshi MissingNo., ma'ana lambar da ta ɓace. Dalilin fitowarshi ya fi kowane ƙage daɗin ji. Lokacin da tsohon ke koyarwa, na'urar na buƙatar rubuta sunan tsohon a gurbin sunan ɗan wasa, sai ta ɗauki sunan ɗan wasan ta aje shi na ɗan lokaci a wurin da ake aje jerin halittun daji. A gaɓar Cinnabar ba a sake cika wurin da sabon jeri, dan haka na'urar ke karanta haruffan sunanka a matsayin halittu. Kun ga ke nan, dodon da ya fito ma yaro daga sunanshi aka gina shi.

Yaro ɗan shekara takwas bai san wannan bayani ba. Abun da ya sani shi ne, wasan nan ya haddace shi kamar lungunan unguwarsu. Ya san wace ƙofa ke buɗewa, wace waƙa ke tashi a wane gari, me mai shago zai ce ko an tambaye shi sau ɗari. Duniyar manya na canzawa ba shawara da shi, amma duniyar cikin kaset ba ta saɓa alkawari. Ranar da ta saɓa, ko da kaɗan ne, abun na kama da ka shiga ɗakinku ka tarar an juya gado ya fuskanci wani gefe, kuma kowa na gida ya ce ai haka yake tun fil azal. Wannan ɗan ƙaramin saɓani shi ne jarin marubucin irin wannan labari. Wanda ya san darajarshi ya ci riba, wanda ya rena shi ya faɗi.

Wanda ya fi sanin darajarshi shi ne Alex Hall, wani ɗalibin jami'a a Amurka da ya fitar da Ben Drowned a watan Satumba na 2010 da sunan aro Jadusable. Mai ba da labarin ya samu tsohon kaset na The Legend of Zelda: Majora's Mask daga hannun wani tsoho mai saida tarkace a ƙofar gidanshi. Kaset ɗin ba takardar kamfani a jiki, an dai rubuta suna da baƙin alƙalami. Da ya kunna sai ya tarar da ajiyar wasan wani da ya riga shi, an sa mata suna BEN. Ya buɗe tashi ajiyar, amma mutanen cikin wasan suka riƙa kiranshi da sunan Ben jefi-jefi. Dan ya huta, sai ya goge ajiyar Ben. Daga nan ne abubuwa suka rikice.

Ku lura da zaɓen wasan. Majora's Mask, da kamfanin Nintendo ya fitar a 2000, dama can wasa ne mai nauyi a zuciya. Wata ne mai fuska zai faɗo ma gari cikin kwana ukku, kai kuma kana ta maida lokaci baya kana kallon mutane ɗaya suna jiran ajali ɗaya. Jarumin, Link, na sa fuskokin da ke ɗauke da ruhin matattu. Akwai waƙar da in ya busa ta, sai wani gunki mai kama da shi ya tsaya a inda yake, ido a ƙafe, baki a yashe. Hall bai kawo dodo daga waje ba. Gunkin nan da Nintendo da kansu suka zana shi ya ɗauka, ya sa shina bayyana a bayan ɗan wasa duk inda ya juya. Waƙar warkarwa da ke kwantar da hankali a wasan, ya juya ta tana tafiya da baya. Garin da ke cike da jama'a ya maida shi kufai. Sannan ya sarrafa wasan a kwamfuta ya ɗauki bidiyo ya sa a YouTube, mai karatu ya gani da idonshi. Duk wanda ya taɓa yin wasan zai gane kowane abu da ke gabanshi, sai dai ba ɗaya da ke a mazauninshi.

Ƙarƙashin wannan kuma akwai baƙin ciki na gaske. Ajiyar wasa ita ce sa'o'in da wani yaro ya kashe, da sunan da ya zaɓa, da inda ya tsaya bai ƙarasa ba. Labarin ya nuna Ben yaro ne da ya nutse a ruwa. Ke nan abun da mai ba da labarin ya goge da danna maɓalli guda shi ne sauran alamar da mamaci ya bari. Laifi ne ƙarami da kowa zai iya yi ba tare da tunani ba, shi ya sa mai karatu ba ya iya tsame kanshi ya ce ai ni da ban yi ba.

Sai mu aza Sonic.exe kusa da shi, wanda ya fito a 2011 kuma ya yi suna ƙwarai. Nan ma faifai ne ya zo daga hannun aboki, da wasiƙar gargaɗi cewa a lalata shi. Amma tun fuskar farko marubucin ya zazzage buhunshi duka: idon Sonic ya yi baƙi shina zubar da jini, ruwa ya koma ja, ga lambar 666. Daga nan sai kisa bayan kisa, Tails, Knuckles, har ƙarshe. Ba lokacin da mai karatu zai tsaya shina shakka, ko dai kaset ɗin ne ya tsufa? Ai tangarɗa ba ta zana jini. Da ka ga jini ka san hannun mutum ne ya zana, kuma da ka ga hannun marubuci tsoro ya tafi. Ga shi mai ba da labarin na ta faɗa muna ya firgita, ya kaɗu, ya yi kuka, alhali shina ci gaba da danna manet ba dalili. Mai ba da labarin Ben shina da dalili: ya ɗauka matsalar na'ura ce, kuma mu ma da farko haka muka ɗauka tare da shi.

Ben Drowned ma ba a rasa inda za a kama shi. Bayan kashin farko Hall ya faɗaɗa labarin, ya shigo da wata ƙungiyar asiri masu bautar wata, ya fidda Ben daga kaset ya sa shi cikin intanet shina hira da mutane. Kowane ƙarin bayani ya rage wani abu. Ben da ba ya magana sai ta bakin mutanen cikin wasa ya fi Ben mai surutu ban tsoro nesa ba kusa ba.

Akwai kuma inda nau'in gaba ɗaya ke da abun amsawa. Tatsuniya na buɗewa da gatanan, ta rufe da ƙurunƙus, mai ba da ita ya jingina ƙaryar ga Gizo, yaro ya kwanta ya san wasa ne. Kiripifasta ta cire wannan shinge da gangan, dan ƙarfinta na cikin a ɗauke ta gaskiya. In abun ya tsaya ga yaron ƙage irin Ben, ba wanda aka cuta. Amma ku dubi labarin garin Lavender. Garin shina cikin Pokémon na farko da gaske, can ne hasumiyar kaburburan halittu take, kuma kiɗan da Junichi Masuda ya tsara mishi na da sauti mai tada tsikar jiki. Sai aka ƙaga cewa kiɗan ya sa yara a Japan sun kashe kansu a 1996. Wannan bai faru ba. Abun da ya faru shi ne, ranar 16 ga Disamba 1997 wani kashi na fim ɗin zanen Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi a tele, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti, aka dakatar da shirin wata huɗu. Ƙagen ya raɓu da wannan abu na gaske ya ari amincinshi, har yau akwai masu ba da shi a matsayin tarihi. A nan marubuci ya bar adabi ya shiga jita-jita, kuma da mutuwar ɗiyan mutane ya yi ado.

Mu da ke gwada rubutun tsoro da Hausa, akwai abun ɗauka a nan. Sau da yawa tun shafin farko muke sakin aljani da kofato da jajayen idanu, irin na Sonic.exe sak, sannan mu yi mamakin mai karatu na hamma. Alhali kayan Ben na zube gabanmu. Mu ne ke sa rigar bosho da sunan wani yaro rubuce a wuyanta. Mu ne ke sayen waya ta hannu mu tarar da hotunan mutanen da ba mu sani ba, da lambar da aka aje da sunan Inna. Wanda ya sayi irin wannan waya, ya goge lambar, washegari ya tarar ta dawo, ya riga ya samu shafinshi na farko, kuma bai buƙaci ɗigon jini ko ɗaya ba.