Takobi ya yi tsada, kaye ya yi ƙaranci

Kokowarmu ta samu kuɗi, ta samu tele, ta samu filayen siminti masu ɗaukar dubban mutane, amma tana rasa abin da ke sa mutum ya bar aikinsa ya zo kallo, wato kaye. Ba ni kaɗai nake faɗin haka ba. Duk majalisar da ka zauna a Mai Yara ko cikin garin Dakwaro a kwanakin gasar Takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasa, in dai an kewaye rediyo ko waya ana bin karawa, sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce yau ma ba a kayar da kowa ba.

Ga yadda karawa da yawa take tafiya yanzu. Ƙarti biyu su shigo fili, kowanne ya sha horo, ƙirji kamar ƙofa. Su sunkuya, su haɗa goshi, wannan ya kai hannu wuyan hannun wancan, wancan ya kaɗe. Su ja da baya, su ɗebi rairayi su murza a tafi, su dawo su sake haɗa goshi. Makaɗa na kiɗa, jama'a na ihu, su kuwa kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi kuskure. Alƙali ya busa usur ya ba ɗaya gargaɗi don ya ƙi kamu. Lokaci ya cika, a ɗaga hannun wanda gargaɗinsa bai kai na abokin karawarsa ba. Su fita duka biyun babu rairayi a bayan kowa. A takarda an yi nasara, amma wanda ya biya kuɗin mota ya zo daga ƙauye ya san bai ga kokowa ba.

In ana wannan zance dole sunan Kantu ya fito. Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu, ɗan jihar Maraɗi, shi ne ya fara ɗaukar takobin ƙasa a gasar farko da aka yi a Tawa a 1975. Shekara guda ke nan da hawan Seyni Kunce mulki a watan Afrilun 1974, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwa, gwamnati tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace wuri guda su yi murna tare. Ba ta ƙago kome ba, ta ɗauko abin da talaka ya riga ya mallaka ne ta ba shi fili da ranaku. Kantu ya sake ɗaukar takobin bayan wannan, kuma ya yi zamani da maza irin su Salma Ɗan Rani da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram. Yau filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Yaron da bai taɓa ganin ko hotonsu ba ya san sunayen.

Abin da nake so a tsaya a kansa shi ne wannan. Gasar 1975 ita ce ta farko, ke nan ba ita ta yi Kantu ba, tarar da shi ta yi ya riga ya ƙosa. Babu ƙungiyar ƙasa da ta rene shi, babu sansanin horo, babu albashi. Inda shi da tsararrakinsa suka koyi kamu shi ne dandalin ƙauye, bayan an yanke gero an ɗaure damma an cika rumbu. A can mutum yakan yi kokowa sau da yawa a kaka guda, yau a garinsu, jibi a garin maƙwabta, ranar kasuwa a wani wurin. Ya kayar, a kayar da shi, ya tashi ya kakkaɓe ya dawo gobe. Faɗuwa ɗaya ba ta rufe masa shekara. Saboda haka yana iya gwada kamun da bai gama iyawa ba, ya shiga ƙasan wanda ya fi shi nauyi ya ga ko zai ɗagu, ya kai taɗiya ko da zai bar kansa a buɗe. Gwanintar da tsofaffi suke ba mu labari daga nan ta fito.

Na tarar da ƙarshen wannan zamani a yankinmu. Da la'asar sakaliya za ka ji ganga daga bakin gari. Samarin wani ƙauye sun iso a ƙasa, ƙura har gwiwa, an sauke su a zaure an kawo musu fura. Fili babu shinge, jama'a ce shinge: yara a gaba a zaune, dattawa a kan tabarmi, 'yan mata a gefe guda. Ɗan kokowa ya ɗaura walki, ya ja guru a ƙugu, kambu a damtse, ya shigo tsakiya ya yi kirari yana nuna wanda yake so da hannu. Ba a ƙin amsa kira a gaban 'yan matan garinku. Na ga wani siririn saurayi, wanda ko rabin abokin karawarsa bai kai ba, ya bari aka turo shi baya taku biyu, sai ya kauce ya saƙala ƙafa ta ciki ya bi da ƙarfin mai turowa. Ƙaton ya tafi da baya, rairayi ya tashi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Duka abin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Wanda aka kayar ya tashi yana dariya ya rungume shi, kuma kafin duhu ya sake shiga ya kayar da wani. Ladan yinin duka bai wuce goro da 'yan kuɗin da aka manna wa mutum a goshi ba, sai suna, wanda zai riga shi isa gida.

Yanzu a dubi tsarin Takobi. Jihohi takwas, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace ta kawo mutum goma, maza tamanin ke nan. Jiha ta kara da jiha kwana da kwanaki, kullum ana ƙidayar waɗanda ba su faɗi ba, kuma cikinsu ne sarki zai fito. Wanda ya faɗi sau ɗaya zai ci gaba da yi wa jiharsa kokowa, amma takobi ya wuce shi sai baɗi. A ƙarshe akwai miliyoyin sefa, da doki, da babbar riga da rawani, ban da kyautar gwamnoni da 'yan kasuwa da 'yan siyasa. Ga ɗan manomi wannan gida ne, aure ne, jari ne, hutun iyaye ne. Sau ɗaya a shekara ƙofar take buɗewa, kuma zamewar ƙafa ɗaya ta isa ta rufe ta. To wane mai hankali ne zai kai kamun ganganci a irin wannan hali? Ba na zargin yaran da ragwanci. Lissafi suka yi, kuma lissafinsu daidai ne. Tsarin ne ya koya musu cewa tsayuwa ta fi kamu riba.

Shaidar tana cikin gasar kanta. A lura da kwanakin tsakiya: karawar da ta fi daɗi sau da yawa ta waɗanda suka riga suka faɗi ce. Ba su da abin karewa, sai su saki jiki su yi kokowar da suka iya, har wani lokaci su tumɓuke wanda ake ganin takobi nasa ne. Ƙarfin yana nan, dabarar tana nan. Tsoro ne ya danne su. Kuma wannan tsarin ne yake ba da ƙofa ga zargin da ake yi kowace shekara, cewa wanda ba shi da sauran rabo yakan kwanta wa wanda yake da shi in an daidaita a bayan fage. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, ya isa ɓarna a ce mai kallo ya ga kaye ya tsaya yana tambayar kansa ko na gaske ne.

Wasu wasannin ma suna nuna amfanin ba ɗan wasa damar yin kuskure. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo ya doke ta da kulki. Gwarzon da har yau ba su daina ambato ba shi ne Babe Ruth, wanda ya yi wasa daga 1914 zuwa 1935, ya fara a Boston ya yi tashensa a ƙungiyar Yankees ta New York. Sau 714 ya yi irin dukan da ke ba mutum damar zagaye fili gaba ɗaya ya ci maki, kuma ba a wuce wannan adadi ba sai a 1974 da Hank Aaron ya wuce shi. Amma mutumin nan sau 1,330 aka sallame shi daga wurin duka don jifa uku sun wuce shi. Kuskurensa ya kusa ninka bajintarsa. Ya iya sakin hannu da dukan ƙarfinsa ne don a zamaninsa ƙungiya takan buga wasa 154 a shekara, wanda ya kuskure yau gobe ma rana ce. Da a ce kuskure ɗaya yana fitar da mutum sai wata shekara, da babu wanda ya san sunansa. Haka kokowar sumo ta Japan: gasa shida a shekara, kowace kwana 15, mutum ya kara sau ɗaya kullum, kuma sau da yawa wanda ya ci gasar ya faɗi sau ɗaya ko biyu a hanya. Ta ɗaya gefen kuma ga Senegal, inda kuɗi ya yi yawa har manyan 'yan kokowarsu sukan shekara da karawa ɗaya ko biyu, sauran watanni a cika su da cacar baki da talla. Ba na so mu bi wannan hanya, kuma ina ganin ƙafarmu ɗaya tana kanta.

Za a ce mini, to Isaka Isaka fa? Gaskiya ne. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen Disambar 2023, inda ya kara da namu, Aibo Hasan na Maraɗi, a wasan ƙarshe. Babu wanda ya taɓa tara haka, kuma duk wanda ya ce zamanin nan ba shi da gwani bai yi adalci ba. Natsuwarsa da karatun da yake yi wa abokin karawa abin koyi ne. Haka kuma ba na cikin masu cewa kuɗi ne ya lalata kokowa, a koma goro. Mun ga tsofaffin 'yan kokowa da suka ba ƙasa ƙuruciyarsu suka ƙare da ciwon gwiwa da hannu wofi, kuma ba na yi wa yaran yanzu fatan haka. A biya su, a ƙara musu ma. Damuwata ita ce duka kuɗin an tara shi a kan takobi ɗaya, a gari ɗaya, a kwana goma, an bar sauran shekara da sauran ƙasa babu kome.

Dandalin da ya haifi su Kantu kuwa yana bushewa a idonmu. Da an gama girbi samarin yankin Dakwaro sun kama hanya: wasu Najeriya, wasu Agadas da Libiya da Aljeriya, wasu kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 can suka nufa. Ba laifinsu ba ne, gero ba ya kai wa damina. Amma sakamakon shi ne watannin da dā ake cika su da kiɗa yanzu gari sai tsofaffi da mata da yara. Yaron da ya rage yana ganin kokowa a waya fiye da yadda yake taɓa ta da jikinsa, kuma abin da yake gani shi yake kwaikwayo. Na tsaya na kalli yara 'yan shekara goma a bayan makaranta sun haɗa goshi suna kaɗe hannun juna, babu mai shiga. Wani dattijo da ke kusa ya daka musu tsawa ya ce, “Kai 'ya'yan nan, ku kama mana! Ƙasar cizo take yi?” Wannan ya fi tsayuwar manya a tele tayar mini da hankali, don su ne za su shiga fili nan da shekara goma.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A cikin gasar Takobi, hukumar kokowa ta ƙasa tana iya sa kaye ya fi nasarar gargaɗi maki, ta yadda wanda ya kayar da mutum shida ya faɗi sau ɗaya zai wuce gaban wanda ya lallaɓa kwana bakwai bai kayar da kowa ƙasa ba. Tana iya ware kyauta mai tsoka kullum ga kayen da ya fi kyau a yinin, a sanar da ita a fili, mai ita ya karɓa a gaban jama'a. Masu cewa sarkin kokowa bai kamata ya zama wanda bayansa ya taɓa ƙasa ba ina jin su, kuma akwai daɗi a wannan al'ada. Sai dai sarkin da ya kai ga takobi ta hanyar ƙin kamu shi ma bai cika sharaɗin da al'adar take nufi ba.

Babban aikin kuma a ƙasa yake. Gundumar Dakwaro tana da ƙananan hukumomi irin su Mai Yara da Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle da Ajekoriya, kowace da kasuwanninta da makaɗanta da samarinta. In kowace ma'aikatar magajin gari ta haɗa kai da sarakuna da 'yan kasuwar yankin aka sa kokowa ranar kasuwa tun daga girbi har sanyi ya shiga, gari ya ziyarci gari, ana rubuta wanda ya kayar da wanda aka kayar, kyauta ko buhun gero ce ko tunkiya ko 'yan jikkuna, to saurayi zai samu dalilin jinkirta tafiya ci-rani da wata ɗaya ko biyu, kuma zai kara sau ashirin kafin kowa ya kira shi zuwa Maraɗi. Kuɗin da wannan zai ci bai kai abin da ake kashewa a masaukin manyan baƙi a gasa ɗaya ba. Sannan in an zo zaɓen mutum goma na jiha, a buɗe littafin da aka rubuta sakamakon a duba wanda ya fi kayarwa a kakar, a ɗauke shi ko da ya sha ƙasa sau uku a hanya.