Shaidar Maza a Bakin Littafin Mace: Tsokaci a kan Adabin Amurka na Farko

Duk wanda ya buɗe littattafan da mata suka fara wallafawa daga Amurka zai tarar da namiji tsaye a bakin ƙofa. Kafin a ji muryar marubuciya, sai wani dattijo ya gabatar da ita, ya ba da shaidar ɗabi'arta. A ganinmu, wannan gabatarwa ita ce filin da aka fafata muhawarar matsayin mace, don haka bai dace manazarci ya tsallake ta ba.

Mu fara da Anne Bradstreet, wadda ta iso Massachusetts daga Ingila a shekarar 1630. Kundin waƙoƙinta, The Tenth Muse, ya fito a Landan a 1650, bayan mijin 'yar'uwarta, John Woodbridge, ya tafi da rubutun can. Gabatarwar kundin ta tabbatar wa mai karatu cewa matar kirki ce, kuma daga lokacin barcinta ta yanki sa'o'in rubutu, hidimar gida ba ta taɓu ba. Wannan kariya tana da dalili. A 1637 aka gurfanar da Anne Hutchinson a gaban kotu, aka yanke mata hukuncin kora saboda tarukan bayanin wa'azi da take yi a gidanta, kuma mahaifin Bradstreet, Thomas Dudley, yana cikin waɗanda suka tuhume ta. A 1645 kuwa John Winthrop ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa yawan karatu da rubutu ne suka taɓa hankalin matar gwamnan Connecticut.

Da sanin wannan ya kamata a karanta waƙarta ta buɗe kundi. Wasu manazarta suna ɗaukar ƙasƙantar da kai da ta yi a ciki a matsayin miƙa wuya. Mu ba mu yarda ba. Mawaƙiyar da ta sallama wa maza fifiko a baiti ɗaya, sannan ta yi ba'a ga masu tura ta ɗinki a wani baitin, ta san abin da take yi. Ladabin nata garkuwa ne. Sai dai a faɗi gaskiya, dogayen waƙoƙin wannan kundi suna da nauyin karatu, domin ta cika bin sawun mawaƙin Faransa Du Bartas. Muryarta ta fi fitowa a gajerun waƙoƙin da ta yi wa mijinta da 'ya'yanta takwas, da kuma ta gobarar gidanta a 1666.

Labarin Mary Rowlandson na 1682, game da makonni goma sha ɗaya da ta yi a hannun 'yan asalin ƙasar, shi ma gabatarwar wani malamin addini ce a gabansa, wa'azin mijinta a bayansa.

Lamarin Phillis Wheatley ya fi tsanani. Baiwa ce da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka sayar a Boston a 1761. Kafin waƙoƙinta su fito a Landan a 1773, sai da manyan Boston goma sha takwas, har da gwamna, suka sa hannu cewa ita ce ta rubuta su. Bradstreet an nemi shaidar tarbiyyarta, Wheatley kuwa shaidar hankalinta aka nema. Duk da haka Thomas Jefferson ya yi watsi da waƙoƙin. Ta rasu a 1784 cikin talauci, kundinta na biyu bai sami mai bugawa ba.

Judith Sargent Murray ce ta fuskanci tambayar kai tsaye. A maƙalarta ta 1790 a mujallar Massachusetts Magazine, ta kafa hujjar cewa bambancin da ake gani tsakanin basirar mace da ta namiji ya samo asali ne daga ilimin da ake bai wa ɗa a hana 'ya. Da sunan aro na Constantia ta buga ta. Da ta fara jerin maƙalunta na The Gleaner a 1792, sai ta ari bakin namiji gaba ɗaya, ta yi magana a matsayin wani magidanci mai suna Vigilius.