Matsin kuɗi da ciwon haƙori: binciken gaskiya ne, shawarar ce ba ta zauna ba

Duk shekara idan 20 ga Maris ta zagayo, wato ranar lafiyar baki ta duniya, sai rubuce-rubuce su cika kafafen sada zumunta kan yadda damuwa ke cin haƙori. Kusan duk hanya ɗaya suke bi. Su ce bincike ya nuna matsin kuɗi na jawo ciwon dasashi, sannan su rufe da cewa mutum ya rage damuwa, ya sami isasshen barci, ya riƙa ganin likita duk wata shida. Farkon maganar yana da tushe. Ƙarshenta nake da ja a kai.

Ɗaya daga cikin binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Robert Genco da abokan aikinsa na jami'ar Buffalo a Amurka, wanda ya fito a 1999. Sun duba bakin mutum 1,426, 'yan shekara 25 zuwa 74, suka kuma tambaye su abin da ke damunsu a rayuwar yau da kullum: aiki, aure, 'ya'ya, kuɗi. A cikin waɗannan duka, matsin kuɗi kaɗai ya nuna alaƙa da zaizayewar dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori, ko bayan an yi la'akari da shekaru da jinsi da shan taba. Ta fuskar ilimin jiki abin ya hau. Doguwar damuwa tana ɗaga sinadarin kotisol, shi kuma yana dagula yadda garkuwar jiki ke tunkarar bakteriyar da ke taruwa a gindin haƙori. Tana busar da baki, alhali miyau ne ke wanke asid. Wasu har cizon haƙora suke yi cikin barci ba su sani ba.

Akwai kuma sakamako na biyu, wanda masu shawara suka fi so: waɗanda ke cikin matsi amma suke tunkarar matsalarsu kai tsaye, bakinsu bai fi na marasa matsi lalacewa ba. Daga nan aka ɗauko “ka iya sarrafa damuwarka”.

To ga inda gizo ke saƙar. Sau ɗaya aka auna mutanen nan, ba a bi su shekara da shekaru ba, don haka binciken ba zai iya cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Sannan tunkarar matsala kai tsaye tana buƙatar a ce maganinta na nan inda hannu zai kai.

Wata rana ina kan Titin Ibrahim Taiwo, daidai bakin Kantin Kwari, na tsaya gaida wani abokin mahaifina mai ɗan teburin yadi. Na ga kuncinsa ya tashi.

“Baba, wannan kumburin fa?”

“Ɗana, wata na uku ke nan. Kanumfari nake danna masa, da daddare in sha na kemis.”

“Ba ku leƙa asibiti ba, Baba?”

Ya yi dariya da gefen baki ɗaya. “In na tafi bin layi, wa zai zauna mini? Ga kuɗin makarantar ƙannenka.”

Wannan dattijon ba kasa tunkarar matsala ya yi ba. Lissafi ya yi, ya jera haya da abinci da makaranta, haƙori ya zo na ƙarshe. Matsalar ita ce ruɓar haƙori ba ta jiran lissafi. Tana farawa a ɓawon waje mai tauri, ba zafi ko kaɗan. In ta shiga ciki ta yi kogo, sai a fara jin ruwan sanyi da zaƙi, kuma a nan cikewa ta wadatar. In ta kai jijiya, saura wankin jijiya mai tsada ko cirewa. Wani lokaci zafin ya ɗauke gaba ɗaya, mutum ya ce ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya tana taruwa a ƙasa. Maganin zafi na kemis yana sayen lokaci ne kawai, amoksisilin kuma ba ya cike kogo. Kowane wata na jinkiri yana ƙara kuɗin gyara, har a kai inda cirewa ce kaɗai aljihu zai ɗauka.

Rubuce-rubucen nan kuma ba sa taɓo cimar mai matsi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, mutane da yawa sun rage tukunya. Ka lura da masu dako da yaran shago daga Fagge zuwa Sabon Gari: shayi mai sukari da safe, lemon kwalba da biskit da rana, alewa a baki don a yaudari ciki. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, bakteriya na mai da shi asid, ma'aunin pH ya faɗi ƙasa da 5.5, ɓawon haƙori ya fara narkewa, kuma miyau na buƙatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita abin. Mai tsotsar zaƙi kaɗan-kaɗan duk yini ya fi wanda ya sha nasa lokaci guda cutuwa. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemo da aka fara karɓa a 2022 kuwa, tsadar kaya ta riga ta haɗiye shi.

A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun majinyaci, cewa a ga likita duk wata shida magana ce ta masu hali. Mu da ke da asibitin cutar noma a Sakkwato tun 1999 bai kamata a ce sai an tuna mana ba cewa yunwa da talauci suna cin baki har su ci fuska.

Da ni ke rubuta shawarar, da abin da ba ya cin kuɗi zan fara. A sha zaƙi tare da abinci, a daina rarraba shi. A yi asuwaki, amma a haɗa da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin barci, a tofar kawai ba tare da kurkurewa ba. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, tare da wani ruwa mai suna SDF da ake ɗiga wa kogo ya tsayar da ruɓa ba tare da injin haƙa ba. Yana baƙanta wurin, amma yana da araha, kuma ya kamata a riƙa tambayarsa a asibitocinmu. Kumburin da ya gangaro wuya ko ya hau ido, ko ya zo da zazzaɓi da wahalar haɗiya, wannan ba na jiran a yi ciniki ba ne, a tafi a ranar.

Baba dai ya je daga baya, ranar da bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Turmi biyu aka cire masa. Likitan ya ce na biyun da an zo da wuri da cikewa kawai za a yi.